Giya, Masoyi da Son Allah a Tsofaffin Waƙoƙin Farisanci: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya fara leƙa waƙoƙin Rumi ko Hafiz, abu na farko da ke ɗaure masa kai shi ne yadda mutanen da ake kira malamai da waliyyai suke ta ambaton giya da mashaya da gashin masoyiya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a kan wannan adabi.

Su wane ne ake nufi da mawaƙan Farisanci na da?

Farisanci shi ne harshen da ake yi yau a Iran da Afganistan da Tajikistan, amma a da ya fi haka faɗi. Da shi ake rubutu a fadojin sarakuna tun daga Konya ta ƙasar Turkiyya har Delhi ta Indiya. Saboda haka idan aka ce mawaƙin Farisanci, ba lallai ba ne ɗan Iran ta yau. Rudaki, wanda ake ɗauka uban wannan waƙa, a fadar Bukhara ya yi zamaninsa, ya rasu wajen 940. Sana'i mutumin Gazna ne, Nizami na Ganja a Azarbaijan, Amir Khusrau na Delhi, Jami na Herat. Attar ɗan Naisabur ne, garin Imam Muslim. Sa'adi da Hafiz su ne 'yan Shiraz.

Awon waƙar daga arulin Larabawa aka aro shi, kamar yadda rubutattun waƙoƙin Hausa suka aro. Sigoginta huɗu ne suka fi tashe. Akwai ƙasida, akwai ruba'i mai layi huɗu, akwai gazal, gajeriyar waƙar so wadda mawaƙi kan saka sunansa a baitinta na ƙarshe (mu ma mun san wannan ɗabi'a wurin marubuta waƙoƙinmu), sai masnawi, inda kowane baiti yake da amsa-amonsa na kansa. Wannan ta ƙarshe ita ta ba su damar jan labari har baiti dubu ashirin ba tare da ƙafiya ta ƙare musu ba.

Tun farko waƙar addini ce?

A'a. Mawaƙan farko mabaratan fada ne, sarki suke yabo su karɓi tukuici. Giyarsu giya ce ta sosai, masoyinsu ɗan adam ne. Wanda ya karkata akalar sosai shi ne Sana'i, wanda ya rubuta Hadiƙatul Haƙiƙa wajen 1131, littafin wa'azi da sufanci mai baiti kusan dubu goma. A ciki ne ya kawo labarin makafin da suka je laluben giwa: wanda ya kama kunne ya ce shimfiɗa ce mai faɗi, wanda ya kama ƙafa ya ce ginshiƙi ne, kowa ya koma gari yana rantsuwa a kan abin da ya taɓa. Misali ne na yadda hankalin ɗan adam yake lalube a sha'anin Ubangiji.

Abin lura shi ne Sana'i da waɗanda suka biyo shi ba su ƙirƙiro sababbin kalmomi ba. Kayan aikin mawaƙan fada suka ɗauka, giyar da ƙoƙon da mai shayarwar da masoyin mai juya baya, suka ɗora musu wata ma'ana. Daga nan rikicin fahimta ya samo asali, domin baiti ɗaya yana iya zama a bakin mashayi, yana iya zama a bakin mai zikiri, kuma kowa ya ji da shi ake.

To me ya kawo giya a bakin mai tsoron Allah?

Su dai amsarsu ita ce akwai halin da mai ambaton Allah yake shiga wanda hankali da lissafi suke gushe masa, ya manta da kansa, ya manta da abin da mutane za su ce. Babu abin da ya fi kama da wannan a idon jama'a kamar maye. Sufaye tun kafin waɗannan mawaƙa suna da kalmomi biyu a kan haka, sukru da sahwu, wato maye da wartsakewa. Suna kuma jingina da ayar Suratul Insan da ta ce Ubangijinsu ya shayar da su abin sha mai tsarki, da ayar Suratul A'araf inda Allah ya tambayi zuriyar Adamu, "Alastu bi Rabbikum?" suka ce "Bala." A wurin mawaƙan Farisanci wannan rana ta Alastu ita ce walimar farko. A can aka zagaya da ƙoƙo, rayuka suka sha, kuma mayen nan ne bai sake su ba har yau.

Ba Farisawa kaɗai suka yi wannan ba. Ibnul Farid na Masar, wanda ya rasu a 1235, yana da ƙasidar Larabci sananniya a kan giyar da aka sha tun kafin a halicci itacen inabi. Imam Gazali ma, a babin sauraron waƙa cikin Ihya, ya yi bayanin cewa wanda son Allah ya rinjayi zuciyarsa yana iya jin an ambaci baƙin gashi ya fahimci duhun kafirci, ya ji hasken kumatu ya fahimci hasken imani.

A 1317 wani malamin Herat ya aika jerin tambayoyi a waƙe zuwa Tabriz, ciki har da tambayar me ake nufi da giya da masoyi a waƙa. Mahmud Shabistari ya amsa da littafin Gulshani Raz mai baiti wajen dubu. Ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Fuskar masoyi ita ce bayyanar kyawun Ubangiji. Dogon gashin da ya rufe fuskar shi ne tarin halittu masu shagaltar da ido daga Mahalicci. Ɗigon tawadar Allah a kumatu shi ne kaɗaitaka. Mashaya kuwa, wadda suke kira kharabat, wato kango, ita ce wurin da mutum yake rushe girman kansa. Littafin yana da amfani ƙwarai, sai dai wanda ya mayar da shi ƙamus, yana cire "giya" yana saka "ma'arifa" a kowane baiti, zai kashe waƙar ya bar gawarta.

Ke nan duk giyar da ke cikin waƙoƙin ta ma'ana ce?

Ba duka ba, kuma masu cewa duka suna yi wa tarihi kwaskwarima ne. A fadojin wancan zamani ana shan giya, akwai mawaƙan da ita suke wa waƙa ba wani abu ba. Ruba'o'in da ake danganta wa Umar Khayyam, masanin lissafi da taurari na Naisabur da ya rasu wajen 1131, da yawansu suna maganar gajertar rayuwa da kokwanto a kan abin da ke bayan kabari, suna cewa a sha kafin a zama ƙasar da maginin tukwane zai cuɗa. Wasu sun yi ƙoƙarin sanya musu rawanin sufanci, amma rawanin ba ya zama daidai. Ƙari a kan haka, yawancin ruba'o'in sun bayyana ne a rubuce shekaru masu yawa bayan rasuwarsa, kuma sunan da ya yi a Turai ya zo ne daga fassarar Edward FitzGerald ta 1859, wadda aka sake ta yadda mai fassara ya ga dama.

Rumi da Attar da Jami babu shakka a kansu, rayuwarsu da sauran rubutunsu sun nuna inda suka dosa. Hafiz ne ya tsaya a tsakiya, kuma da gangan ya tsaya.

Shi wannan masoyin da ake ta yi wa kuka, mace ce ko namiji ko Allah?

Farisanci ba ya bambance jinsi. Kalma ɗaya ce, "u", take ɗaukar shi da ita. Mawaƙi zai yi gazal sukutum ba ka san da wa yake ba. Mai fassara zuwa Hausa ba shi da wannan sauƙin, dole ya zaɓi kai ko ke tun a baitin farko, kuma da ya zaɓa ya rufe ƙofar da mawaƙin ya bari a buɗe. Masoyin yana iya zama mace, yana iya zama saurayi kyakkyawa kamar yadda al'adar waƙar fada ta saba, yana iya zama shehin mawaƙin, ko sarkin da ke ciyar da shi, ko Annabi (SAW), ko Allah.

Sufayen suna da ƙa'ida a nan, cewa son majazi gada ce zuwa son haƙiƙa. Jami ya gina littafinsa na Yusuf da Zulaikha a kan wannan a 1483. Ya ɗauki ƙissar da Alƙur'ani ya kira mafi kyawun labarai, ya mai da hankali kan matar Aziz, wadda sunanta Zulaikha daga littattafan tafsiri ya zo, ba daga ayar ba. A waƙar ta tsufa, ta makance, dukiyarta ta ƙare a kan son Yusuf, tana zaune a bukka a bakin hanyar da yake wucewa. Sai da ta fasa gunkin da take bauta wa ta juya ga Allah sannan aka mayar mata da ganinta da ƙuruciyarta, aka ɗaura musu aure. Daga baya kuma son Allah ya cika mata zuciya har Yusuf ne yake bin ta. Haka aka yi da Majnun na Laila, wanda Nizami ya waƙe a 1188, masu sharhi suka mai da haukarsa misalin wanda ya rasa kansa a cikin abin da yake so.

Mene ne labarin tsuntsayen nan na Attar?

Sunan littafin Manɗiƙuɗ Ɗair, daga ayar Suratun Namli inda Annabi Sulaimanu ya ce an sanar da su maganar tsuntsaye. Tsuntsayen duniya suka taru suna neman sarki. Alhudahuda, wanda ya taɓa kai saƙon Sulaimanu, ya ce suna da sarki, sunansa Simurg, yana bayan dutsen Ƙaf, sai dai tafiyar da nisa. Nan fa kowa ya fara kawo uzuri. Bulbul ya ce ba zai iya barin furensa ba. Ɗawisu ya ce shi Aljannar da aka fitar da shi kawai yake son komawa. Mujiya tana gadin dukiyar da ke binne a kango. Shaho yana taƙama da zama a hannun sarki. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce agwagwa, da ta ce ai ita kullum cikin tsarki take, wanka a kowane lokaci, sallayarta a kan ruwa, me za ta je nema? Kowa ya san agwagwa ɗaya ko biyu a masallacin unguwarsu.

Hanyar tana da kwaruruka bakwai: nema, so, ma'arifa, wadatuwa, tauhidi, ruɗewa, sai talauci da fana'i, wato mutum ya ɓace wa kansa cikin Ubangijinsa. Dubbai suka tashi, wasu ƙishirwa ta kashe su, wasu suka tsaya kallon abin mamaki a hanya, wasu suka juya. Talatin suka isa, fuka-fukai a tsige. Da aka ɗaga labule sai suka ga kansu kamar a madubi. A Farisanci "si" talatin ne, "murg" tsuntsu, saboda haka Simurg da tsuntsu talatin lafazi ɗaya ne. A kan wannan wasan kalma aka ɗora baiti sama da dubu huɗu.

A tsakiyar littafin akwai labarin Shehu San'an, wanda ya yi shekara hamsin a Makka da almajirai ɗari huɗu, sannan son wata budurwa Kirista a ƙasar Rum ya kama shi har ya sha giya ya yi mata kiwon aladu. Almajirai suka watse suka bar shi. Wani daga cikinsu da ba ya nan lokacin da abin ya faru ya dawo ya yi musu faɗa, ya ce wannan ba amana ba ce, suka koma suka duƙufa da addu'a kwana arba'in har aka yi masa mafarkin Annabi (SAW) da bushara cewa an warware ƙullin. Shehun ya tuba ya dawo, ba shi da sauran jin cewa shi wani ne. Attar, wanda sunansa ma daga sana'ar sayar da turare da magani ya zo, ya rasu wajen 1221, lokacin da Mongol suka ragargaza Naisabur.

Rumi malami ne ko mawaƙin soyayya?

Malami ne ɗan malami. An haife shi a 1207 a yankin Balkh, mahaifinsa Baha'uddin Walad mai wa'azi ne sananne. Iyalin suka yi ƙaura zuwa yamma suka zauna a Konya, a ƙasar da ake kira Rum, inda laƙabinsa ya samo asali. Ya yi karatu a Halab da Dimashƙu, ya zama malamin fiƙihun Hanafiyya mai ba da fatawa da karantarwa. A 1244 wani baƙo mai yawo, Shamsuddin na Tabriz, ya shigo Konya. Suka keɓe suna hira wata da watanni, darasi ya tsaya, almajirai suka fusata. Bayan 'yan shekaru Shams ya ɓace, ba a sake ganinsa ba. Daga wannan rashi waƙa ta ɓalle wa Rumi, dubban gazal, kuma a ƙarshen da yawansu sunan Shams yake sakawa maimakon nasa.

Babban aikinsa shi ne Masnawi, littafi shida, baiti kusan dubu ashirin da biyar, yana faɗa almajirinsa Husamuddin yana rubutawa. Ya buɗe shi da kukan sarewa: tun da aka yanke ta daga fadamar da ta tsiro take kuka, kuma duk wanda aka raba da asalinsa yana neman ranar komawa. Sarewar ruhin ɗan adam ce. Littafin cike yake da ayoyi da hadisai da ƙissoshin annabawa, har a gabatarwarsa ta Larabci ya kira shi mai buɗe ma'anonin Alƙur'ani.

Labarin da aka fi ja-in-ja a kansa shi ne na Annabi Musa da makiyayi. Musa ya ji wani makiyayi yana kiran Allah yana cewa, ina kake in ɗinke maka takalmi, in taje maka kai, in wanke maka tufafi, in kawo maka madara. Musa ya tsawata masa ya ce wannan kafirci ne. Makiyayin ya yage rigarsa ya nausa daji. Sai wahayi ya zo wa Musa cewa an aiko shi ya haɗa ne ba ya raba ba, kuma Allah zuciya yake dubawa, ba ƙwarewar harshe ba. Masu son su ce Rumi ya yi watsi da shari'a nan suke tsayawa. Amma labarin bai ƙare nan ba, domin da Musa ya cim ma makiyayin ya ce masa ya faɗi abin da ya ga dama, sai makiyayin ya ce ai tsawar nan ta zaburar da dokinsa, ya wuce inda yake a da. Labarin misali ne da Rumi ya tsara don koyarwa, ba hadisi ba ne, kuma kada a ɗauke shi a matsayin tarihin Annabi Musa.

Ya rasu a 17 ga Disamba 1273. Mabiyansa suna kiran daren da daren angwanci. Ɗansa Sultan Walad ne ya tsara ɗariƙar Maulawiyya, masu juyi da fararen riguna. Gwamnatin Turkiyya ta rufe zawiyoyin ɗariƙu a 1925, kabarinsa ya zama gidan tarihi da ake ziyarta har yau.

Maganganun Rumi da ake yaɗawa a Facebook nasa ne?

Wasu nasa ne da aka sauya musu kama, wasu ko kusa. Yawancinsu daga Turanci suke fitowa, musamman daga aikin Ba'amurken nan Coleman Barks, wanda bai iya Farisanci ba. Tsofaffin fassarori ya ɗauka ya sake su da salon waƙar Amurka, kuma a hanya ayoyi da ambaton Annabi da sallah suka yi ta zubewa. Har baitocin nan da ake rubutawa a ko'ina da sunansa, masu cewa ka zo ko wane ne kai, ko ka karya tubarka sau ɗari, masana sun nuna ba sa cikin tsofaffin rubuce-rubucen diwaninsa, an fi danganta su ga wasu mawaƙan. A cikin ruba'o'insa kuwa akwai inda ya kira kansa bawan Alƙur'ani muddin yana da rai, kuma ƙurar hanyar Muhammadu zaɓaɓɓe. Wannan ba a cika ganinsa a hoton furanni ba.

Me ya sa Hafiz yake caccakar masu wa'azi?

Laƙabinsa ma ya isa amsa rabin tambayar: mahaddacin Alƙur'ani ne, kuma a wani baiti ya ce duk abin da ya samu albarkar Alƙur'ani ce. Abin da ya tsana shi ne riya. A 1353 Mubarizuddin Muhammad ya ci Shiraz da yaƙi, sarki mai tsanani da zubar da jini, ya rufe mashayu, har mutanen gari suka laƙaba masa Muhtasib, wato shugaban hisba. Bayan shekara biyar ɗansa Shah Shuja ya tumɓuke shi ya makantar da shi. Hafiz ya ga yadda masu rawani suke sauya launi da sauyin sarki. Shi ya sa yake cewa masu wa'azin da ke ƙyalli a mihrabi da mumbari, in sun shiga ɗaki wani aikin suke yi, yana tambaya me ya sa masu umartar mutane da tuba su ba su cika tuba ba. A wani wurin ya ce ko me mutum zai yi, kada dai ya mai da Alƙur'ani tarkon yaudara.

Sai ya ƙirƙiro wasu mutane biyu ya kafa su a gaban mai zuhudun ƙarya. Ɗaya shi ne rind, ɗan iskan gari wanda ba shi da mutuncin da zai kare, saboda haka ba ya munafunci. Ɗayan shi ne dattijon Majusawa mai sayar da giya (a garuruwan Musulmi waɗanda ba Musulmi ba ne suke wannan sana'a), shi Hafiz ya mayar shehinsa. Zagi ne da gangan: gara mai mashaya da ya san laifinsa da sufin da ke sayar da rigar ulu.

Ga gazal ɗaya a duba ta kusa. Ya ce daren jiya ya ga mala'iku suna ƙwanƙwasa ƙofar mashaya, sun cuɗa yumɓun Adamu sun zuba shi a ƙoƙon awo. Sannan ya ce sama ta kasa ɗaukar nauyin amana, sai ƙuri'a ta faɗa kan shi mahaukaci. Wannan ayar ƙarshen Suratul Ahzab ce, amanar da aka bijiro wa sammai da ƙasa da duwatsu suka ƙi, mutum ya ɗauka, kuma sufaye suna fassara amanar da so. A baiti na gaba ya ce a yi wa ƙungiyoyi saba'in da biyu uzuri a kan yaƙinsu, ba su ga gaskiya ba ne suka bi tatsuniya, yana nuni da hadisin rarrabuwar al'umma. Wanda bai san ayar da hadisin ba zai ɗauka waƙar 'yan giya ce. Wanda ya sani kuma zai ga cewa Hafiz bai cire mashayar daga wurin ba, a ƙofarta ya tsayar da mala'ikun. Ya rasu wajen 1390, ya bar gazal kusan ɗari biyar.

Malamai ba su yi inkarin waɗannan abubuwa ba?

Sun yi, tun da daɗewa. Babbar matsalar ita ce fana'i da abin da ake furtawa a cikinsa. An kashe sufin nan Hallaj a Bagadaza a 922, kalmarsa ta "Anal Haƙƙu", wato "Ni ne Gaskiya", ta zama abin da mawaƙan Farisanci suka yi ta komawa gare shi. Rumi ya kare shi da misalin ƙarfe a cikin wutar maƙera: in ya yi ja har ya ce shi wuta ne, bai yi ƙarya ba, amma ƙarfe ne. Ya kuma bambanta "ni" ɗin Fir'auna, wanda ya cika da kansa, da na Hallaj, wanda ya wofinta daga kansa. Hafiz kuwa cewa ya yi laifin Hallaj shi ne tona asiri.

Daga baya koyarwar Ibnu Arabi, wadda aka sani da wahdatul wujud, wato babu samuwa ta haƙiƙa sai ta Allah, ta shiga waƙar sosai ta hannun irin su Shabistari da Jami. Ibnu Taimiyya ya yaƙe ta, kuma a cikin sufaye ma akwai waɗanda ba su yarda da ita ba, kamar Ala'uddaula Simnani da Ahmad Sirhindi na Indiya. Malaman hadisi sun kuma nuna cewa wasu maganganun da mawaƙan suke kawowa a matsayin hadisi, irin su "Na kasance taska ɓoyayyiya", ba su da isnadi. A ƙarni na 20 mawaƙin Lahore Muhammad Iƙbal, wanda ya ɗauki Rumi a matsayin jagoransa, ya soki Hafiz a littafinsa na 1915 cewa waƙarsa tana sanya al'umma barci. Aka yi masa ca, ya cire baitocin a bugu na gaba.

'Yan Shi'a ne, tunda Iran ce?

Yawancin manyan ba 'yan Shi'a ba ne. Iran ta koma Shi'a a hukumance ne daga 1501, zamanin Shah Isma'il na Safawiyya, bayan Jami, na ƙarshen manyan, ya rasu a 1492. Rumi Bahanafe ne, Jami Bahanafe ɗan Naƙshabandiyya. Attar da Sa'adi sun yabi halifofi huɗu a farkon littattafansu. Dukansu kuma suna girmama Sayyidina Ali da Ahlul Baiti. Rumi ya rufe littafin farko na Masnawi da labarin Ali da ya mayar da takobinsa kube bayan abokin gaba ya tofa masa yawu, don kada fushin kansa ya gauraya da aikin Allah. Nasir Khusrau, na ƙarni na 11, shi ɗan Isma'iliyya ne mai yaɗa aƙidarsa da waƙa. A zamanin Safawiyya ne waƙar makokin Karbala ta bunƙasa, kuma ta Muhtasham na Kashan har yau ana rubuta baitocinta a kan baƙaƙen kyallaye a watan Muharram.

Ina yabon Annabi a ciki?

A farkon kusan kowane dogon littafi. Tsarin shi ne a fara da tauhidi da munajati, sai yabon Annabi (SAW), sau da yawa da babin Mi'iraji, sannan a shiga labari, ko da labarin na soyayyar sarakuna ne. Nizami ya ƙware a wannan. Layuka huɗun nan na Larabci da suka fara da "Balagal ula bi kamalihi", waɗanda ake rerawa a ƙasashen Musulmi da dama, daga gabatarwar Gulistan ta Sa'adi suke.

Shi Sa'adi sufi ne?

Ya fi kama da dattijon da ya zaga duniya ya dawo yana ba da labari. Ya yi karatu a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya rubuta Bustan a 1257, Gulistan a 1258, shekarar da Mongol suka ci Bagadaza. Addininsa na zaman tare da mutane ne. Ya ba da labarin cewa yana yaro ya raya dare tare da mahaifinsa, Alƙur'ani a cinyarsa, sauran mutanen gida suna ta barci. Ya ce wa uban, dubi waɗannan, ko ɗaya bai tashi ya yi raka'a biyu ba, kamar matattu. Uban ya ce, ɗana, da kai ma barcin ka yi da ya fi maka cin naman mutane. Baitocinsa da ke cewa 'yan adam gaɓoɓin juna ne, in ɗaya ya yi ciwo sauran ba sa samun sukuni, ma'anar hadisin nan ne na muminai kamar jiki ɗaya, ya faɗaɗa ta ga dukan 'ya'yan Adamu.

Gaskiya ne ana duba da diwanin Hafiz?

Ana yi, suna kiransa fal. Mutum ya ƙudurta abin da ke damunsa, ya karanta wa Hafiz Fatiha, ya buɗe littafin a inda hannu ya faɗa, ya ɗauki gazal ɗin a matsayin amsa. An fi yi a daren Yalda, dare mafi tsawo a shekara, wajen 21 ga Disamba, iyali na zaune ana cin rumman da kankana. A titunan Iran akwai masu yawo da ƙaramin tsuntsu da ke zaro wa mutum takarda mai baiti a cikin ambulan. Da yawa wasa suke ɗaukarsa, wasu kuma da gaske. Ba koyarwar Hafiz ba ce, al'ada ce da ta taso bayansa, ta samu gindin zama saboda baitocinsa suna karɓar kowace irin fassara.

Akwai abin da ya haɗa wannan adabi da karatunmu na ƙasar Hausa?

Waƙoƙin kansu ba su shigo zaurukanmu ba, domin iliminmu ta Larabci ya zo, ta Masar da Magrib da Timbuktu. Abin da muka tashi da shi Ishiriniya ce da Burda da diwanan shehunnan ɗariƙa. Amma ƙasar da ta haifi mawaƙan nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Bukhari da Muslim da Gazali duk 'yan can ne, Shehu Abdulƙadir kuma daga Jilan yake, a arewacin Iran ta yau. Kalmomin da Attar ya gina kwarurukansa da su, ma'arifa da fana'i da tauhidi, su ne ake ji a zawiyoyin Kano da Kaulaha. Gardamar da ake yi a kan sha'iran da ake ganin sun wuce gona da iri, da tambayar ko abin da aka faɗa cikin shauƙi ana kama mutum da shi, ita ce aka yi a kan Hallaj shekaru fiye da dubu da suka wuce.

Wanda bai iya Farisanci ba, ta ina zai fara?

Mai Larabci ya fi mai Turanci sa'a, domin an fassara Masnawi da Gulistan da Manɗiƙuɗ Ɗair da diwanin Hafiz zuwa Larabci, kuma a can ayoyi da kalmomin sufaye suna nan yadda suke. Mai Turanci ya nemi fassarar Reynold Nicholson ta Masnawi, wadda ta fito tsakanin 1925 da 1940. Ba ta da daɗin karatu, amma ba ta ɓoye komai ba. A fara da Sa'adi, sai Attar, sai Rumi, a bar Hafiz a ƙarshe, don shi sai an san abin da yake wasa da shi.

Harshen kansa bai kai yadda ake tsoronsa ba. Da haruffan Larabci ake rubuta shi, an ƙara huɗu kawai, na sautin p da c da g da wani mai kama da j, kuma kalmomin Larabci sun cika shi, ga shi babu i'irabi, babu jinsi. Wanda ya saba da ajami zai gane haruffan a zama ɗaya. In ya buɗe diwanin Hafiz ma, layin farko gaba ɗaya Larabci ne, kira ga mai shayarwa ya zagayo da ƙoƙo ya miƙo. Layi na biyu ne Farisanci, inda ya ce so ya yi kamar mai sauƙi da farko, sai wahalhalu suka biyo baya.